Landan ko Paris: wanne ya fi dacewa da hutun hunturu na gidajen tarihi da cin abinci?

Wanda ya samu hutun kwana biyar ko mako guda tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma abin da ke ransa shi ne ya zaga gidajen tarihi ya ci abinci mai kyau, galibi zaɓinsa kan tsaya ne a kan Landan da Paris. A fannin sanyi biranen biyu kunnen doki suka yi. A Janairu ma'aunin zafi bai cika wuce digiri 7 ko 8 da rana ba, da dare ya sauko 2 ko 3, ga yayyafi, ga sama a lulluɓe, dusar ƙanƙara kuwa ko ta zuba ba ta cika daɗewa ba. Saboda haka yanayi ba zai raba maka gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne ranakun da tafiyarka ta faɗa, da yadda kake son shiga gidan tarihi, da irin abincin da za ka iya ci hankali kwance.

A fara da kalanda, domin ita ce ke lalata wa mutane hutu tun kafin su sauka daga jirgi. Landan rufewa take yi ruf ranar Kirsimeti. Ranar 25 ga Disamba babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu bas ɗin gari, sai tasi mai ɗan karen tsada ko ƙafarka. British Museum, V&A (Victoria and Albert Museum), Natural History Museum da Tate Modern duk a kulle suke kwana uku a jere, daga 24 zuwa 26 ga wata, National Gallery ma haka, har ta ƙara da 1 ga Janairu. Mutumin da ya sauka ranar 23 zai koma ranar 28 ya biya kuɗin otal na dare biyar ke nan don ya samu cikakken yini ɗaya tak da ƙofofi ke buɗe. Paris ba ta yin haka. Louvre tana rufewa ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu, tana kuma tashi da wuri a jajiberinsu, amma jiragen ƙarƙashin ƙasa suna aiki, ranar 26 kuma gari ya koma yadda yake. Idan hutunka ya rutsa da makon Kirsimeti, magana ta ƙare, Paris za ka nufa.

Sai dai ita ma Paris tana da nata tarkon, kuma na kowane mako ne. Louvre da Orangerie ba sa buɗewa ranar Talata. Orsay, Quai Branly, Institut du monde arabe, da gidajen tarihin da ke hannun hukumar birni irin su Carnavalet da Petit Palais, su kuma Litinin ce ranar hutunsu. Sakamakonsa, duk ranar Litinin jama'a kan yi wa Louvre tsinke, ranar Talata su koma Orsay. Centre Pompidou kuwa a cire shi daga lissafi gaba ɗaya, an rufe shi tun 2025 don gyaran da aka tsara zai kai 2030. Manyan gidajen Landan kwana bakwai suke buɗewa a mako, ba sai ka zauna da biro kana jera ranaku ba.

Ga wanda ranakun ke hannunsa, daga mako na biyu na Janairu zuwa farkon Fabrairu shi ne lokacin da ya fi: yara sun koma makaranta, layi ya ragu, otal ya sauko. Tsakiyar Fabrairu hutun makaranta kan dawo a ƙasashen biyu, gidajen da yara ke so su sake cika maƙil.

Kuɗin shiga, da abin da yake yi wa yininka

Tun Disambar 2001 shiga gidajen tarihi na ƙasa kyauta ne a Landan. Abin da ake biya shi ne nunin wucin gadi da ake kawowa na 'yan watanni, da wurare irin su Tower of London, wanda tikitin babba ya haura fam 30. A Paris kuwa kusan kowace babbar ƙofa da farashinta. Tikitin Louvre ya koma yuro 22 a 2024, daga 14 ga Janairun 2026 kuma wanda ba daga ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai yake ba yuro 32 zai biya. Orsay yuro 16 ne a intanet a 2025. Abin da ke sauƙaƙa wa mai iyali shi ne 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya a waɗannan gidaje, ko daga ina suka zo, amma a riƙe fasfo ɗinsu a hannu don nuna shekaru.

Mutane kan ɗauki wannan bambanci a matsayin maganar aljihu kawai. Ya wuce nan. Wanda ya biya yuro 32 ba ya son fita bayan awa ɗaya da rabi, sai ya daure ya yi awa biyar yana jan ƙafa, idonsa na kallo amma ƙwaƙwalwarsa ta daina ɗauka. Mutum mai lafiya, bayan awa biyu zuwa biyu da rabi a tsaye cikin ɗakuna masu ɗumi, ga rigar sanyi mai nauyi, ya gama amfana. A Landan wannan ba matsala ba ce. Ka shiga British Museum da safe ka ga ɗakuna uku, ka fita ka ci abinci, jibi ka dawo ka ga wasu ukun. A ganinmu wannan ita ce babbar falalar Landan a hunturu, ta ma fi ajiyar kuɗin: duk lokacin da ruwa ya tsuge ko sanyi ya ishe ka, akwai ƙofar da za ka faɗa ba tare da lissafi ba. Abu ɗaya za a kiyaye, a lokutan cunkoso gara ka yanki tikitin kyauta mai lokaci a shafinsu tun kana masauki, domin masu shi ake fara shigarwa.

British Museum, wanda aka kafa a 1753, ya fi ƙarfin yini ɗaya, don haka a shiga da niyya. Dutsen Rosetta yana ɗaki na 4 a ƙasa, kuma mutane kan yi masa zobe tun da hantsi, sai a fara da shi da an buɗe ƙofa ƙarfe 10. Kusa da shi, a ɗaki na 10, akwai sassaƙen farautar zakuna na sarkin Assuriya Ashurbanipal, inda ake ganin jijiyoyin ƙafar zaki da kibiyar da ta huda shi, kuma jama'a da yawa wucewa suke yi ba su lura ba. Kayan Afirka suna ɗaki na 25 a hawa na ƙarƙashi, ciki har da tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, waɗanda har yau ake takaddamar mayar da su. A sama kuma akwai zauren duniyar Musulunci na Albukhary, da aka buɗe a 2018. Ranar Juma'a gidan yana kaiwa ƙarfe 8:30 na dare, kuma awannin ƙarshen nan sun fi kowane lokaci sarari.

Unguwar South Kensington ita ce wurin da babu kamarsa a Paris. Gidaje uku ne a titi ɗaya, V&A, Natural History Museum da Science Museum, kuma akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa daga tashar jirgi da ke kai ka kusan bakin ƙofarsu ba tare da ruwa ya taɓa ka ba. A Natural History Museum, da shigarka babban zaure za ka ga ƙwarangwal ɗin dabbar teku, irin wadda ta fi kowace dabba girma a duniya, mita 25, a rataye a saman kanka. A V&A kuwa a nemi zauren Jameel, inda dardumar Ardabil take shimfiɗe cikin akwatin gilashi. An saƙa ta a Iran a shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, tsawonta ya haura mita 10. Domin kada haske ya kashe mata launi, minti goma kawai ake kunna mata fitila, a kan kowace awa da kuma rabinta. Wanda ya iso ƙarfe 11:15 duhu-duhu zai gani ya wuce yana cewa ba wani abu ba ne. Ya jira 11:30, ya ga shuɗin ya farka, fitilu biyun da aka saƙa a jikinta sun fito, ɗaya ta fi ɗaya girma.

To me Paris ta fi? Zane. National Gallery ta Landan tana da zane sama da 2,300 kuma zaɓaɓɓu ne, amma wanda ya zo don zane ba zai samu kwatankwacin Louvre da Orsay da Orangerie a tafiyar ƙafa ɗaya ba. Orsay tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce ta 1900 da aka mayar gidan zane a 1986, tana ɗauke da ayyukan 1848 zuwa 1914, na su Monet, Renoir, Degas da Van Gogh. A hau kai tsaye zuwa hawa na biyar tun ƙafa na da ƙarfi, sannan a riƙa saukowa. Ranar Alhamis tana kaiwa 9:45 na dare. Orangerie ƙarama ce, awa ɗaya ta isa, kuma manyan zanen furannin ruwa guda takwas na Monet da suka zagaye ɗakuna biyu sun fi kyau da rana, don hasken sama ne ke saukowa a kansu. Masu tafiya da yara su sani tun wuri cewa zane da gumakan tsiraici suna da yawa a Louvre da Orsay, ba a kuma ware su wuri guda ba.

Louvre tana buƙatar dabara. Ɓangarori uku gare ta, Denon, Sully da Richelieu, kuma yawancin masu shiga Denon suke dosa don Mona Lisa, zanen da tsayinsa santimita 77 ne kacal, a bayan gilashi, ana hango shi ta saman wayoyin mutane. A gan shi, ba laifi, amma kada a ba shi fiye da minti ashirin. Dutsen dokokin Hammurabi yana Richelieu inda ƙafa ta fi ƙaranci. Sashen fasahar Musulunci, da aka buɗe a 2012 ƙarƙashin wani rufi mai lanƙwasa a farfajiyar Visconti, yana da ƙaramin akwatin hauren giwa na al-Mughira da aka sassaƙa a Andalus a 968. Tikiti a saya a shafin gidan da kansa, da lokacin shiga a jiki. Shiga ta ƙofar Carrousel, a ƙarƙashin ƙasa, ya fi tsayuwa a layin babbar ƙofa mai dalar gilashi cikin iska. A kuma duba jadawalin ɗakunan da ke rufe a ranar, domin ba kullum ake buɗe dukansu ba. Jakar da ta wuce santimita 55 da 35 da 20 ba ta shiga, amma akwai akwatunan ajiya kyauta, sai a tuɓe rigar sanyi a kulle a nan.

Katin Paris Museum Pass, mai shigar da kai gidajen tarihi da yawa da biya ɗaya, na kwana 2, 4 ko 6 ne, kuma da ka fara amfani da shi agogonsa ya fara tafiya, ko ka shiga wani wuri ko ba ka shiga ba. Ba ya riba sai ga mai shiga gidaje biyu kullum, kuma ko da shi sai ka nemi lokacin shiga Louvre daban. Kada a saya wa yara, su da ma kyauta suke shiga.

Abinci

A nan biranen suka fi rabuwa, kuma lokacin cin abincin ma ya bambanta, ba ɗanɗano kaɗai ba.

Gidan abinci na gaske a Paris yana da agogo. Abincin rana daga 12 zuwa 2 ko 2:30, sai a rufe kicin, ba a sake kunna wuta sai 7 ko 7:30 na dare. Wanda ya fito daga Louvre ƙarfe 3 da yunwa wuraren da ke jiran baƙi irinsa kawai zai tarar, masu hotunan abinci a ƙofa, masu tsada, marasa daɗi. Maganin abin shi ne a tsara yini a kan abincin rana. A shiga gidan tarihi ƙarfe 9, a fito 12:15, a yi tafiyar minti goma nesa da ƙofar, a nemi allon da aka rubuta formule ko menu du jour. Wannan tsari ne na kwano biyu ko uku a farashi guda, kuma kicin ɗin da zai caje ka sosai da dare shi ne ke dafa shi da rahusa da rana. Burodi kyauta ne. Ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne in ka ce une carafe d'eau, in ba ka faɗa ba na kwalba za a iya kawo maka. Kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, abin da ka gani shi za ka biya, tukuici ganin dama ne. Ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema, kuma ba a korar ka daga tebur. Gaisuwa kuwa, bonjour da shigarka, ba a wasa da ita. Da yawa daga waɗanda ke kukan an yi musu kallon banza, gaisuwar suka tsallake. Idan lokaci ya ƙwace maka, nemi wurin da aka rubuta service continu, ko ka nufi gidajen da ake kira bouillon, irin Chartier da ke aiki tun 1896, inda ake zaunar da kai tebur ɗaya da baƙi, mai hidima ya rubuta abin da ka ce a kan takardar da aka shimfiɗa a tebur, daga ƙarshe ya haɗa lissafi a wurin. Arha ne, amma layi kan fito har titi da dare, cikin sanyi.

Ga Musulmi, wahalar Paris tana cikin girkin Faransa na gargajiya. Ba naman alade a fili ne abin tsoro ba, wanda ke ɓuya ne. Lardons ƙananan yankan alade ne da ake watsawa a salak da kwanon dankali da ƙwai, jambon ma alade ne. Bœuf bourguignon da coq au vin a cikin giyar inabi ake dafa su, haka ma moules marinières, kuma miyar albasa sau da yawa da giya a ciki. Mai son ɗanɗana girkin Faransa ya tsaya kan kifi da aka gasa ko aka soya da man shanu, ya tambayi abin da ke cikin romon. A wani gefen kuma, abincin Arewacin Afirka a Paris ya kai matuƙa: kuskus da tajin a Belleville da Barbès, gidajen Senegal da Mali a Château Rouge, na Indiya da Pakistan a Passage Brady. Babban Masallacin Paris, da aka buɗe a 1926, yana da gidan abinci da wurin shan shayin na'ana'a, kuma tafiyar 'yan mintuna ce daga Institut du monde arabe. Wannan yini guda ne da ya haɗa kansa.

Landan ba ta da wannan agogo, yawancin wurare suna ba da abinci daga tsakar rana har dare. Abincin halal kuma ya shiga jikin garin fiye da Paris: gidajen Lebanon da sauran Larabawa a Edgware Road, gasasshen naman 'yan Pakistan a Whitechapel kusa da East London Mosque, na Turkawa a Green Lanes, na Yammacin Afirka a Peckham. Har a tsakiyar gari wurare da dama kan rubuta cewa kazarsu ko namansu halal ne. Amma a tambaya dalla-dalla, domin wani wuri kaza ce kawai halal, sauran naman a'a. Mai son tabbaci ya nemi shaidar HMC ko HFA, ƙungiyoyin tantance halal, a ƙofa. Soyayyen kifi da dankali ma a tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Takardar tsafta mai lamba 0 zuwa 5 da ake mannawa a taga abin dubawa ce.

Inda Landan ke cizo shi ne lissafi. Yawancin gidajen da ake zama kan ɗora kashi 12.5 cikin ɗari a kan kuɗin abinci a matsayin kuɗin hidima, shinkafa da dankali da ganye sau da yawa daban ake sayar da su, burodi ma da kuɗinsa. Kwanon da ka gani fam 18 sai ya tashi 27. A Disamba walimar ma'aikatu kan cinye tebura, wasu wuraren su nemi lambar katinka kafin su ajiye maka wuri, su cire kuɗi in ba ka zo ba, su kuma ba ka awa ɗaya da rabi ka tashi. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. Abin da ya yi kama da rahusar Paris shi ne jerin abincin da ake bayarwa kafin wasan kwaikwayo, tsakanin 5 da 6:30 na yamma, a Covent Garden da Soho, kuma ya dace da lokacin da gidajen tarihi ke tashi. A taƙaicen wannan fanni, abinci mai kyau na zama a tebur ya fi araha a Paris, abincin halal iri-iri ba tare da dogon bincike ba ya fi samuwa a Landan.

Hasken rana, sufuri da biza

A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, a Paris kusan ƙarfe 5, amma a Paris ɗin gari ba ya wayewa sosai sai wajen 8:40. Wannan na nufin Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗawa cikin awa huɗu, daidai lokacin da kake tsakiyar zagaye. A Landan, da yake fita da dawowa ba ya cin kuɗi, abin da sauƙi. A Louvre kuwa in ka fita ka fita ke nan, tikitin ba ya dawo da kai, don haka zagayen safe ya fi.

A Landan katin banki mai taɓawa ya isa jirgi da bas, kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a yini, fam 8.90 a shiyya ta 1 da 2, wato tsakiyar gari, a 2025. Sharaɗin shi ne ka riƙe kati ɗaya duk yini, kowa da nasa, in ka sauya tsakanin kati da waya lissafin ya rabu biyu. Yara 'yan ƙasa da 11 kyauta suke hawa tare da babba. A Paris tikitin jirgi ya koma farashi guda, yuro 2.50, a Janairun 2025, na filin jirgin sama daban ne kuma ya fi tsada sosai. Katin mako na Navigo daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba daga ranar da ka saya ba, wanda ya sauka Alhamis kwana huɗu kawai zai ci. Paris ta fi matsewa, daga Louvre zuwa Orsay gada ɗaya ce, amma tashoshinta matakala ce zalla, ban da layi na 14. Mai keken jariri ko dattijon da gwiwa ke damu ya fi samun sauƙi a bas, a duk biranen biyu.

Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen mai biza ɗaya, wanda Faransa ke ciki, don haka biza biyu ce daban. Ta Schengen yuro 90 ce tun Yunin 2024, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Ta ziyarar Birtaniya ta wata shida fam 127 ce a 2025, ana nema daga wata uku kafin tafiya, amsa galibi cikin mako uku. Mai son tafiyar Disamba ya fara neman ranar ganawa tun Satumba, kada kuma ya sayi tikitin gidan tarihi mai rana a jiki sai fasfo ya dawo hannunsa, don da wuya a mayar da kuɗin.

Ga iyali mai yara, ko wanda wannan ce fitarsa ta farko, ko wanda ba ya jin Faransanci kuma yana son karanta bayanin da ke jikin kowane abu, Landan muke ba da shawara, muddin ba makon Kirsimeti ba ne. Ga mutum biyu da zane ya kawo su, masu iya tashi da wuri su bi jadawali, masu jin daɗin zama awa ɗaya da rabi a kan abincin rana, Paris ce. Wasu kan ce tunda jirgin ƙasa na Eurostar awa biyu da kwata ne daga tashar St Pancras ta Landan zuwa Gare du Nord ta Paris, me zai hana a haɗa duka. Taura biyu ba ta taunuwa a kwana biyar. Sai ka isa tasha da wuri don binciken fasfo, ka fita daga otal ka shiga wani, yinin ya tafi, ga kuɗin biza biyu. In hutun ya kai kwana tara ko goma, to a yi, a sa Paris daga Laraba zuwa Asabar lokacin da duk manyan gidajen ke buɗe, a bar Litinin da Talata su faɗa a Landan, a kuma sayi tikitin jirgin sama mai sauka a birni ɗaya ya tashi daga ɗayan.